Kalma Ɗaya Ta Raba Jama'a: Waiwaye A Kan Taron Marburg Na 1529

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa rubuta littafi ya sake shi kasuwa ya san cewa daga ranar da littafin ya bar hannunsa, ba shi kaɗai ke da iko da ma'anarsa ba. Mutum goma za su karanta shafi guda, kowa ya tashi da abin da ya fahimta, kuma kowa ya dage a kan cewa abin da marubucin yake nufi ke nan. Idan littafin na hira ne, abin ba ya wuce musun 'yan majalisa. To amma idan littafin na addini ne, wanda mabiyansa suka yi imani cewa maganar Allah ce, kuma tsirarsu gobe ƙiyama ta rataya a kansa, musun yakan kai ga raba gari biyu, wani lokaci ma har ga zubar da jini.

A wannan maƙala za mu waiwayi abin da ya faru tsakanin Kiristocin Yammacin Turai a ƙarni na 16, lokacin da manyan malamansu suka buɗe Littafi Mai Tsarki da nufin ya raba musu gardama, sai ga shi gardamar ta koma kan yadda za a fahimci littafin kansa. Manufarmu ita ce mu ga inda sakankancewar ɗan Adam take da iyaka, ko da kuwa malami ne mai zurfin ilmi da kyakkyawar niyya. Yanke hukunci a kan wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba ya cikin aikinmu.

Yadda Littafin Ya Shiga Hannun Jama'a

Shekaru aru-aru Kiristocin Yammacin Turai suna ƙarƙashin Ikilisiya guda, wato Katolika, wadda Paparoma ke shugabanta daga birnin Rum. Littafi Mai Tsarki da ake karantawa a coci da harshen Latin yake, da hannu ake kwafe shi, kuma Ikilisiya ce ke da maganar ƙarshe a kan ma'anar ayoyinsa. Abubuwa biyu suka girgiza wannan tsari. Na farko, wajen shekarar 1455 Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki da injin ɗab'i a garin Mainz na ƙasar Jamus, daga nan littattafai suka fara yawaita suna araha. Na biyu, a 1516 wani masani mutumin Holan mai suna Erasmus ya fitar da Sabon Alkawari cikin Girkanci, harshen da aka rubuta shi tun asali, ta yadda malamai suka sami damar gwada fassarar Latin da tushenta.

A shekarar 1517 ne Martin Luther, wani ɗan zuhudu kuma malamin jami'a a Wittenberg, ya fito da batutuwa 95 yana sukar yadda ake sayar wa mutane takardun gafara. Da aka gurfanar da shi a babban taron daula a garin Worms a 1521, sai ya ƙi janye rubuce-rubucensa, ya ce sai fa in an kawo masa hujja daga nassi ko daga lafiyayyen hankali, domin Paparoma da majalisun Ikilisiya sun sha yin kuskure. A watan Satumba na 1522 fassararsa ta Sabon Alkawari cikin Jamusanci ta fito, aka yi ta rububinta.

Dukkan wannan yunƙuri ya ginu ne a kan wani zato guda. Luther da abokansa sun yi imani cewa Littafi Mai Tsarki a sarari yake cikin duk abin da ya shafi tsira, kuma wani sashensa yana fassara wani. Saboda haka suka sa rai cewa da zarar an kawar da tarin al'adun da suka rufe shi, duk mai zuciya ɗaya da ya karanta zai ga abin da suka gani. Erasmus ya ja musu kunne a 1524, a wani ɗan littafi da ya rubuta kan ko mutum yana da zaɓi a al'amarin tsirarsa. Ya nuna cewa akwai wurare masu duhu a cikin nassi waɗanda malamai suka yi fiye da shekara dubu suna saɓani a kansu, kuma idan kowane ɓangare ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ya haska masa, to wa zai raba? Luther ya mayar da martani mai zafi a 1525, ya ce duhun yana cikin zukatan masu karatu, kuma Kirista ba shi da addini idan ba shi da tabbaci. Tun kafin tawadar wannan martani ta bushe, jarrabawa ta riga ta taso masa daga cikin gida.

Rigima A Kan "Ne"

Littattafan Bishara na Matiyu da Markus da Luka, da wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa, sun kawo labarin cin abincin ƙarshe da Yesu Almasihu, wato Annabi Isa, ya yi da almajiransa. Sun ce ya ɗauki gurasa ya gutsuttsura ya ba su, ya kira ta jikinsa, sa'an nan ya ba su ƙoƙon ruwan inabi ya danganta shi da jininsa. Daga nan ibadar da Kiristoci ke kira Jibin Ubangiji ta samo asali. A Bisharar Matiyu ta Latin, jimlar da ta kira gurasar jiki kalmomi huɗu ce kacal, kuma ta biyunsu ita ce est, wadda take daidai da "ne" ko "ce" a Hausa.

Mu marubuta mun san halin wannan 'yar kalma. Idan muka ce "wannan tuwo ne", tuwon muke nufi. Idan kuwa maroƙi ya ce "maigidana zaki ne", babu mai zuwa neman jela, kowa ya san siffantawa ce. To, wace irin "ne" ce a cikin waccan jimla? Ikilisiyar Katolika, tun a babban taronta na 1215, ta koyar da cewa ainihin gurasar yana rikiɗa ya zama jikin Almasihu, kamanninta kawai suke saura. Luther ya ƙi wannan bayani, amma ya riƙe cewa jikin yana nan da gaske tare da gurasar, domin haka lafazin ya faɗa. Tsohon abokin aikinsa Karlstadt ya ce a'a, lokacin da Yesu yake maganar kansa yake nunawa da hannu. Shi kuwa Zwingli, babban mai wa'azin birnin Zurik a Suwizalan, ya ɗauki ra'ayin wani lauya mutumin Holan mai suna Hoen, cewa "ne" a nan tana nufin "alama ce ta". Hujjarsa ita ce irin wannan salo ya cika Littafin. Yesu ya kira kansa ƙofa, ya kira kansa kurangar inabi, kuma da Yusufu yake fassara mafarkin Fir'auna ya mayar da shanu bakwai shekaru bakwai da irin wannan kalma.

Abin lura, Luther da kansa ya faɗa a wata wasiƙa da ya aika wa Kiristocin Strasbourg a 1524 cewa ya so a ce an gamsar da shi da fassarar alama, domin da ita zai fi yi wa Paparoma illa, amma lafazin nassin ya ɗaure shi. Wato ba son zuciya ne ya tsayar da shi inda ya tsaya ba. Haka nan Zwingli, abin da yake tsoro shi ne mutane su koma bautar gurasa. Daga 1525 zuwa 1528 ɓangarorin biyu suka yi ta jifan juna da ƙasidu, maɗaba'u suna cin kasuwa.

Kwana Huɗu A Marburg

A watan Afrilu na 1529 taron daula a garin Speyer ya soke sassaucin da aka yi wa masu sabuwar koyarwa. Wasu sarakuna da birane suka rubuta takardar ƙin amincewa, kuma daga nan sunan Furotesta ya samo asali. Filibus, matashin mai mulkin ƙasar Hesse, ɗan shekara 24, ya ga cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan mutanen Luther da na Zwingli ba su haɗa kai ba, Sarkin Sarakuna Charles na Biyar zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ya gayyaci malaman ɓangarorin biyu zuwa fadarsa da ke bisa tudu a garin Marburg. Luther ya zo da Melanchthon, Zwingli ya zo da Oecolampadius na Basel da Bucer na Strasbourg. An zauna daga 1 zuwa 4 ga Oktoba, a daidai lokacin da rundunar Turkawa ta Sarki Sulaimanu take kewaye da birnin Biyana.

Da aka fara muhawara a gaban jama'a, Luther ya ɗauki alli ya rubuta waɗannan kalmomi na Jibin a kan tebur, ya rufe da ƙyallen da aka shimfiɗa. Matsayinsa bai sauya ba har aka tashi: Allah ya faɗa, aikin bawa shi ne ya gaskata, ko da hankalinsa bai kai ba. Su kuwa mutanen Suwizalan sun dogara ga sura ta 6 ta Bisharar Yohanna, inda aka fifita ruhu a kan nama, suka ƙara da cewa jikin da aka ce ya hau sama ba zai kasance a kan dubban tebura a lokaci guda ba, in dai jikin mutum ne na gaske. Luther ya ce waccan sura ba a kan Jibin take magana ba, kuma ba a auna ikon Allah da lissafi. Kowa ya kawo aya, kowa ya ce ayarsa ce mabuɗin ta abokin gardamarsa. A nan gizo yake saƙar, domin Littafin bai zo da jerin da ke nuna wace aya ce za ta fassara wace ba.

Akwai wani ɗan abin da ya faru a zauren da ya kamata marubuci ya riƙe. Cikin zafin musu Zwingli ya ce wa Luther wannan aya ta Yohanna za ta karya masa wuya. Luther ya fusata, ya tuna masa cewa a Hesse suke, ba a Suwizalan ba, nan ba a karya wuyan mutane haka kawai. Sai da Zwingli ya yi bayanin cewa karin maganar ƙasarsu ce, ma'anarta hujjarka ta faɗi. Mutum biyu ke nan masu rai, suna fuskantar juna, suna magana da Jamusanci, amma ɗaya ya ɗauki adon harshen ɗaya a matsayin barazana. Ina ga jimlar da aka furta shekara dubu ɗaya da ɗari biyar kafin su, ta iso gare su a rubuce cikin Girkanci?

Ɓarkewar wata annobar zazzaɓi mai sa gumi a garin ta sa aka gaggauta rufe taron. Luther ya tsara batutuwa 15, aka amince da 14 gaba ɗaya, har da mafi yawan na 15. Abin da ya rage shi ne ko jiki da jinin Almasihu suna cikin gurasa da ruwan inabi a zahiri. Suka rubuta cewa ba su daidaita a kan wannan ba, amma kowane ɓangare zai nuna wa ɗaya ƙauna gwargwadon yadda lamirinsa ya yarje masa. Da Zwingli ya nemi su ɗauki juna a matsayin 'yan'uwa a addini, Luther ya ƙi, ya kuma gaya wa Bucer cewa ruhinsu ba ɗaya ba ne. Kowa ya koma gida ya rubuta wa abokansa cewa shi ya yi nasara. Ranar 11 ga Oktoba, 1531, aka kashe Zwingli a yaƙin Kappel tsakanin Zurik da yankunan Katolika na Suwizalan, Luther kuwa ya ɗauki mutuwar a matsayin hukuncin Allah. Zuwa 1577 wani malamin Katolika mai suna Rasperger ya buga littafi a Ingolstadt inda ya jera fassarori 200 na waɗannan 'yan kalmomi, domin ya yi wa Furotesta dariya.

Laifi Tudu Ne

Kada mai karatu ya ɗauka cewa Zwingli shi ne mai sassauci a wannan labari. Wasu daga cikin almajiransa a Zurik sun karanta Sabon Alkawari da irin ƙa'idar da ya koya musu, suka ce ba su ga inda aka umarci a yi wa jarirai baftisma ba, sai wanda ya girma ya ba da gaskiya da bakinsa. A watan Janairu na 1525 suka fara yi wa junansu baftisma. Zwingli ya amsa da cewa baftismar jariri tana matsayin kaciya a Tsohon Alkawari. Majalisar gari ta goyi bayansa, ta kafa dokar kisa a 1526. Ranar 5 ga Janairu, 1527, aka ɗaure Felix Manz, wanda suka yi karatun Ibrananci tare da Zwingli, aka nutsar da shi a kogin Limmat. Mutumin da ya roƙi Luther hannun 'yan'uwantaka a Marburg bai miƙa irin wannan hannu ga nasa masu saɓanin ba shekara biyu kafin nan.

Mutumin Da Ya Tambayi Iyakar Tabbaci

Shekara 24 bayan Marburg aka yi shari'ar da ta sa aka fito da tambayar a fili. Michael Servetus likita ne mutumin Sifen, wanda ya yi rubutu yana musun aƙidar Triniti da baftismar jarirai, yana cewa bai same su a nassi ba. Ya tsere daga kurkukun kotun Katolika a Faransa, suka ƙona mutum-mutuminsa. Ya bi ta birnin Janiba, inda John Calvin yake jagorancin Furotesta, sai ya zama gudun gara an faɗa gidan zago. An kama shi a watan Agusta na 1553, aka nemi shawarar coci-cocin wasu biranen Suwizalan, suka goyi bayan a hukunta shi. Calvin ya nemi a fille masa kai maimakon wuta, majalisar gari ta ƙi. Ranar 27 ga Oktoba aka ƙone shi da ransa a Champel, bayan gari.

A 1554 wani littafi ya fito daga Basel da sunan aro, yana tambayar ko ya halatta a tsananta wa 'yan bidi'a. Babban mai hannu a cikinsa shi ne Sebastian Castellio, malamin Girkanci, wanda ya taɓa shugabantar makaranta a Janiba kafin su saɓa da Calvin a kan fahimtar Waƙar Waƙoƙi ta Sulaimanu. Castellio mafassari ne. Ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin a 1551, kuma zuwa Faransanci a 1555, don haka ya san wuraren da lafazi ke ɗaukar fuska biyu. Ya lura cewa wanda ake girmamawa a matsayin mai sahihiyar aƙida a wannan birni, ɗan bidi'a ne a birni na gaba, ta yadda kalmar ta kusa zama sunan duk wanda bai yarda da mu ba. Ya raba al'amuran addini gida biyu. Akwai waɗanda suke a sarari, kamar kasancewar Allah da wajabcin gaskiya da tausayi da haramcin kisa da sata, waɗanda ba a taɓa kafa kotu don musu a kansu ba. Akwai kuma irin su Jibin Ubangiji da baftisma da ƙaddara, waɗanda daɗewar saɓani a kansu ita kanta shaida ce cewa ba a sarari suke ba. A ganinsa, ba daidai ba ne a karya umarni bayyananne na hana kisa domin kare fahimtar da ake jayayya a kanta.

Calvin da almajirinsa Beza sun kare hukunta 'yan bidi'a a rubuce a wannan shekarar, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Suka ce idan nassi yana da duhu a manyan aƙidu, to an tuhumi Allah da barin bayinSa cikin ruɗu, kuma babu abin da zai saura na addini sai zato. Suka ƙara da cewa idan hukuma tana hukunta mai kashe jiki, yaya za ta ƙyale mai halaka rayuka har abada? Abin mamaki, ita kanta tambayar tilastawa ta koma rigimar fassara. Masu goyon bayan takobi, tun daga zamanin Augustine, sukan kawo misalin mai biki da ya sa bawansa ya matsa wa mutane su shigo, a sura ta 14 ta Luka. Masu sassauci kuwa sukan kawo misalin manomin da ya hana barorinsa cire ciyawa daga cikin alkama sai ranar girbi, a sura ta 13 ta Matiyu. Castellio ya rasu a 1563 ana cikin tuhumarsa a Basel. Littafinsa na ƙarshe, a kan sanin inda ya kamata a yi shakka da inda ya kamata a sakankance, bai ga maɗaba'a ba sai a ƙarni na 20.

Abin Da Ya Biyo Baya

Turai ba ta saurari Castellio da wuri ba. Sai da aka sha yaƙe-yaƙe, ciki har da na shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, kafin yarjejeniyar Westphalia ta amince da Katolika da mabiyan Luther da mabiyan Calvin a daular Jamus. Gajiya da jini ce ta kawo wannan, domin babu ɓangaren da ya gamsar da wani. A 1903 mabiyan Calvin suka kafa dutsen nadama a Champel. A 1973, wato shekara 444 bayan Marburg, wakilan coci-cocin Luther da na Calvin da Zwingli a Turai suka cimma yarjejeniya a Leuenberg, kusa da Basel. Sun amince cewa Almasihu yana ba da kansa a cikin Jibin, suka ce zurfafa bincike a kan yadda hakan ke faruwa yana iya rufe ma'anar ibadar, kuma tsofaffin la'anoni ba su shafi koyarwarsu ta yanzu ba. Ba dukkan mabiyan Luther ne suka sa hannu ba, kuma saɓani da Katolika a kan batun bai ƙare ba. A 2004 aka kafa allon tunawa da Manz a bakin Limmat, cocin Zurik ta nemi gafarar magadansa.

Rassan wannan tarihi sun iso har ƙasarmu. Mishan mabiya Luther daga Danmak sun sauka Numan a 1913. 'Yan mishan da suka kafa Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda suke kan koyarwar baftismar manya irin ta su Manz, sun fara aiki a Garkida a 1923. Akwai kuma mabiya tafarkin Calvin a Takum. Waɗannan duka sun haɗu a cikin Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, kowa da fahimtarsa, abin da kakanninsu na addini suka kasa yi a Marburg da Zurik.

Kammalawa

Babu ko ɗaya daga cikin mutanen da muka ambata da yake jahili ko maƙaryaci. Sun san harsunan nassi, sun haddace ayoyi, kuma wasunsu sun ba da rayukansu a kan abin da suka gaskata. Inda suka yi tuntuɓe shi ne sun ɗauki ƙarfin tabbacin da suke ji a zuci a matsayin shaidar cewa lafazin ba ya ɗaukar wata ma'ana, don haka duk wanda ya saɓa musu, ko dai makaho ne ko mugu. Tarihin bai ce mutum ya zauna ba aƙida ba. Ya nuna dai cewa tabbaci yana ba mutum damar ya yi wa'azi, ya rubuta raddi, har ya ware ya kafa tasa jama'ar, amma bai kai nauyin da za a ɗora ran wani a kansa ba.

Mu da sana'armu ita ce kalma, ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Idan abokin sharhi ya karanta shafin da muka karanta ya fito da wata ma'ana dabam, mu fara tambayarsa wace jimla ce ya riƙe a matsayin mabuɗi kafin mu tuhumi niyyarsa. Nan za mu dasa aya.